Jinjina Ga Masu Gadin Kwamfutocinmu

Mu mutane ne masu saurin manta alheri. Ana yaba wa likita, ana yaba wa malamin makaranta, har direban da ya sauke mu lafiya mukan ce masa sannu da aiki, amma ban taɓa jin wani ya miƙe a taro ya ce wa masu gadin kwamfutocinmu ko da Allah ya saka da alheri ba. Alhali ba dare ba rana suna nan a gefen allo, idonsu biyu, suna ƙirga mana haɗarin da muke ciki, har ma da wanda ba mu ciki. Yau zan biya wannan bashi. Ranku ya daɗe, manhajojin fatattakar ɓarayi! Allah ya ja zamaninku, masu share dattin da ido bai gani ba, masu warkar da cutar da babu ita!

Ba a sanin girman jarumi sai an san da wa ya kara. Abokan gabar biyu ne. Akwai manhajar leƙen asiri, wadda ke shiga kwamfuta ta laɓe, tana rubuta shafukan da ka ziyarta da abin da ka nema, wani sa'in har kowane harafin da ka danna, da kalmar sirrin imel da ta banki, tana aika wa ubangidanta. Sai ƙanwarta mai cusa talla, ita kam ba ta iya ɓuya ba. Ka buɗe burauza ka tarar an canja maka shafin farko, an jera wasu sanduna a sama da ba ka san ranar zuwansu ba, talla na tsirowa ta ko'ina, ka rufe ɗaya biyu su buɗe. A farkon shekarun 2000 irin su Gator da CoolWebSearch da BonziBuddy sun hana gidaje sakat a Amurka da Turai. Sai wasu suka tashi yaƙarsu. Steve Gibson ya fitar da OptOut a 2000, kamfanin Lavasoft ya zo da Ad-Aware, wani Bajamushe mai suna Patrick Kolla ya rubuta Spybot. Bayin Allah, ba su waye ba. A tunaninsu aikin mai gadi shi ne ya kama ɓarawo ya fitar da shi, shi ke nan, galibi ma ba tare da an biya ko sisi ba. Sai da masu basira suka shigo harkar aka gane cewa abin da ke ciro kuɗi daga aljihun mai kwamfuta tsoro ne, kuma ana iya samar da tsoro ko babu ɓarawo a unguwar.

Kamfanin da ya koya wa duniya wannan darasi shi ne Innovative Marketing, mai rajista a Beliz, mai ofis a birnin Kiyev na Yukiren. 'Ya'yansa na da yawa, kuma duk da kyawawan sunaye: WinFixer, WinAntivirus, DriveCleaner, ErrorSafe, XP Antivirus. Ga yadda suke sallama. Mutum na zaune yana karanta labarai a shafin da ya saba, sai wani akwati ya faɗo tsakiyar allo, launinsa da rubutunsa sak na Windows, har da 'yar garkuwar nan. Koren layi ya kama tafiya daga hagu zuwa dama, sunayen fayiloli na gudu a ƙasansa, wata lamba na hauhawa da jan rubutu. Kafin ya gama salati an samo masa tulin cututtuka, har ana ce masa akwai haramtattun hotunan batsa ɓoye a cikin kwamfutarsa, shi da 'ya'yansa ke aikin makaranta a kanta. In ya danna alamar rufewa akwatin ya dawo, domin mai gadi na ƙwarai ba ya barin bakin aiki don an kore shi. Mafita ɗaya ce, ya ciro katin banki ya biya dala 39.95, ko abin da ya fi haka.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne adalcin wannan bincike. Bai san mai kuɗi ba, bai san talaka ba. Tsohuwar kwamfuta da wadda aka ciro daga kwali jiya duk sakamako ɗaya suke samu, saboda binciken bai taɓa leƙa cikin kwamfutar ba. Hoto ne mai motsi da aka shirya tun daga ofis. Wane likita ne ya kai wannan matsayi, ya gano ciwo tun kafin mara lafiya ya shigo? Don kada kowa ya rasa wannan alheri, sai suka riƙa sayen gurbin talla a manyan shafuka da sunan wasu kamfanonin kirki, su cusa tarkonsu a ciki. Har cibiyoyin amsa waya suka buɗe domin masu ƙorafi, inda ake yi wa mutum magana da ladabi, in ta kama a nuna masa yadda zai kashe antibairos ɗinsa na gaskiya, tunda shi ne ke ta yi wa sabon baƙon ihu.

Amma ɗan Adam butulu ne. A watan Disamba na 2008 hukumar FTC, mai kare masu saye a Amurka, ta sa kotu ta dakatar da su, tana cewa sun yaudari mutum fiye da miliyan ɗaya. A 2010 aka gurfanar da shugabanninsu a takarda a Chicago bisa asarar da ta haura dala miliyan 100 a ƙasashe fiye da 60. A 2012 kotu ta ɗora wa ɗaya daga cikin jami'ansu, Kristy Ross, biyan dala miliyan 163. Su kuwa manyan, Shaileshkumar Jain da Bjorn Daniel Sundin, ba su tsaya jiran godiya ba. Suka yi layar zana, har hukumar FBI ta liƙa hotunansu cikin waɗanda take nema. Haka masu alheri suke, ba sa son a san inda suke kwana.

Wani zai ce ai waɗannan 'yan damfara ne na bayan fage, mai shago da allon suna ba zai yi haka ba. To, kada a tauye wa masu shago haƙƙinsu. Office Depot babban kanti ne mai rassa a faɗin Amurka, kuma daga 2009 zuwa ƙarshen 2016 yana duba lafiyar kwamfuta kyauta da wata manhaja mai suna PC Health Check, wadda kamfanin Support.com ya samar. Ka ɗauko kwamfutarka ka ɗora a kan tebur, ma'aikaci cikin rigar aiki ya yi maka murmushi, ya yi maka tambayoyi huɗu. Tana yawan nuna talla? Ta rage sauri? An taɓa yi maka gargaɗin bairos? Tana yawan tsayawa? Ko ɗaya ka amsa da e, an gama. Manhajar za ta yi ta juyi kamar tana aiki, sannan ta fito da rahoton cewa an ga alamun cuta. Amsar bakinka ce aka wanke aka miƙo maka a matsayin sakamakon bincike, tare da tayin gyara da kan kai dala 300. Wa ya taɓa mallakar kwamfuta bai ce ta rage sauri ba? Ka ga kenan babu wanda aka bari ya koma gida hannu rabbana.

A 2016 gidan talabijin na KIRO a Seattle ya sayi sababbin kwamfutoci gal, ya kai su wasu rassan, aka ce da dama daga cikinsu na da alamun cuta. FTC ta ce tun 2012 kamfanin ke jin koke kan wannan manhaja, har daga bakin ma'aikatansa, amma bai daina ba. Wannan shi ne riƙon amana: ko 'yan gida sun yi ƙorafi, ba a fasa taimakon jama'a. A 2019 Office Depot ya amince ya biya dala miliyan 25, Support.com kuma miliyan 10.

Kamfanin waƙoƙi na Sony BMG ma ya taɓa gwada hannunsa a fannin cirewa, kuma bai kamata a manta da shi ba. A 2005 ya ɗora wata manhaja mai suna XCP a kan wasu faya-fayensa na CD. Duk wanda ya sa faifan a kwamfutar Windows ya amince da sharuɗɗan da suka fito, sai ta nutse can cikin tsarin ta ɓoye kanta, har ɓarayi na gaske suka samu inuwar fakewa a bayanta. Masanin kwamfuta Mark Russinovich ya tona asirin ranar 31 ga Oktoba. Wani babban jami'in kamfanin, Thomas Hesse, ya kwantar wa duniya hankali a rediyon NPR, ya ce yawancin mutane ba su ma san mene ne wannan abu ba, to me zai dame su? Da aka matsa, sai suka fitar da manhajar cire ta, amma sai ka cike fom, ka ba da adireshin imel, ka jira. Wanda ya yi haƙuri ya samu ladansa, domin Ed Felten da Alex Halderman na jami'ar Princeton sun tabbatar da cewa maganin ya bar wata kafa a buɗe da kowane shafin intanet zai iya bi ya saka abin da ya ga dama. Gyaran gangar Auzinawa kenan, kuma an yi shi da hatimin babban kamfani.

Duk waɗannan yara ne in aka zo gaban Avast. Shi ba na bogi ba ne. Antibairos ne na gaske daga birnin Prag na ƙasar Cek, yana kama bairos da gaske, ɗaruruwan miliyoyin mutane na amfani da shi, kuma a 2016 ya haɗiye takwaransa AVG a kan dala biliyan 1.3. Mu ma nan mun san shi. A waɗannan shekaru sau da yawa in ka kai kwamfuta gyara a Kano ko Kaduna ko Zariya, da ɗaya daga cikin biyun za a dawo maka da ita, kana ta godiya tunda kyauta ne. Alkawarinsa kuwa mai daɗi: zai toshe masu bin sawunka a intanet, zai kare sirrinka. Kuma ya cika alkawari ta hanyar da ta fi kowace hikima. Ya kori ƙananan masu leƙe, domin bai dace a ce kowane ɗan tasha na leƙa ɗakin Alhaji ba. Leƙen sai ya zama nasa shi kaɗai, a tsare, a rubuce, da farashi.

A lokacin Avast yana da wani reshe mai suna Jumpshot, wanda asalinsa shi ma manhajar gyaran kwamfuta ne, aka saye shi aka mai da shi dillalin bayanai. Bisa ƙarar FTC, daga 2014 zuwa 2020 Jumpshot ya sayar da tarihin yawon mutane a intanet ga kamfanoni fiye da 100, kuma abin da ya tara ya haura fetabait 8, wato sama da gigabait miliyan 8. Kowane shafi, da sa'a da daƙiƙar da aka buɗe shi, da irin na'urar, da garin da mutum yake, da wata lamba ta musamman da ke bin burauzar duk inda ta shiga. Akwai ma wata haja da ke ba mai saye kowane dannawa, ba a rage komai ba. Sun ce sun goge sunaye, kuma madalla da wannan kunya. Sai dai kantin da ya san wanda ya sayi takalmi a wajensa da ƙarfe kaza da daƙiƙa kaza, in ya duba jerin ya ga lambar da ta yi wannan sayayya a wannan daƙiƙa, ya riga ya san mai lambar, kuma daga nan duk inda ta taka a intanet yana gabansa.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba abin da ake nufi da tarihin yawo a intanet, don a nan ne raina ke ɓaci. Matar da ta shekara goma ba haihuwa, ta tashi ƙarfe biyun dare tana neman dalili. Magidancin da bashi ya yi wa katutu yana neman inda zai ranto wani. Saurayin da ya ga wani abu a jikinsa, kunya ta hana shi gaya wa ko da yayansa. Abin da mutum ba zai iya faɗa wa mahaifiyarsa ba, shi yake rubutawa a wannan ɗan akwatin nema. FTC da kanta ta lissafa abin da bayanan ke iya fallasawa: addinin mutum, da rashin lafiyarsa, da ra'ayinsa na siyasa, da halin aljihunsa, da shafukan yara da aka buɗe a gidansa. Wannan ne aka auna aka sayar, kuma wanda ya sayar shi ne wanda aka ɗauka don ya hana.

Wladimir Palant, wanda ya ƙirƙiri Adblock Plus, ya fara ɗaga murya a watan Oktoba na 2019, Mozilla, mai burauzar Firefox, ta cire ƙarin manhajojin Avast daga rumbunta a Disamba, sannan a Janairun 2020 jaridun Motherboard da PCMag suka baje takardun cikin gida a faifai. Nan da nan shugaban kamfanin, Ondrej Vlcek, ya ba da haƙuri ya rufe Jumpshot. Dubi saurin tuba! Shekara shida ana ciniki lamiri bai motsa ba, amma 'yan kwanaki bayan jarida ta buga sai ga nadama ta sauko. A Fabrairun 2024 FTC ta sa su biya dala miliyan 16.5. Don a gane nauyin wannan hukunci, a tuna cewa a 2019 kamfanin Ascential ya sayi kashi 35 cikin ɗari na Jumpshot a kan kimanin dala miliyan 60. Ko ɗan aji uku ya iya wannan lissafi. Kuɗin diyyar kuma na masu saye ne a Amurka. Malamin da ke Fagge da Avast a kwamfutarsa, rabonsa shi ne haƙurin da aka bayar da Turanci.

Sauran jaruman sai dai a gaishe su a gurguje. Lenovo ya tausaya wa masu saye, ya ga wahala ce mutum ya je neman manhajar talla da kansa, sai ya ɗora Superfish a kan wasu kwamfutocinsa tun daga masana'anta a 2014. Ita kuwa don ta cusa talla har a shafukan da aka kulle, irin na banki, sai ta sa takardar shaidarta ta bogi, da mabuɗi iri ɗaya a kowace kwamfuta. A Fabrairun 2015 wani masanin tsaro, Robert Graham, ya fasa kalmar sirrin mabuɗin cikin 'yan sa'o'i, ashe sunan kamfanin da ya ƙera fasahar ne, Komodia. Da aka bi sawu sai aka tarar da wannan fasaha a cikin Web Companion na Lavasoft, gidan da ya haifi Ad-Aware. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. A 2018 kuma ga Adware Doctor, likitan talla, yana sahun gaba a manhajojin kuɗi na rumbun Mac na Apple, dala 4.99 kacal. Wani masanin tsaro, Patrick Wardle, ya nuna cewa likitan na tattara tarihin Safari da Chrome da Firefox, ya ƙulle a fayil guda, ya aika zuwa wata na'ura a China. Ka biya kuɗin ganin likita, ya tafi da kundin sirrinka. Sai Norton 360, wanda a 2021 ya zo da tayin haƙar kuɗin intanet na Ethereum da kwamfutarka da wutar gidanka, in ka yarda, shi kuma ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari na gajiyar kallo.

Kada mu yi ta yabon na waje mu bar na gida. Akwai injiniyanmu na bakin kasuwa, mai fulash ɗaya rataye a wuya, wanda ya shiga kwamfutocin rabin gari bai taɓa wanka ba. Ka kai masa kwamfuta tana jan ƙafa, ya duba sama-sama ya ce sai fomatin. Ya ɗora Windows na sata, ya kashe sabuntawa don kada ta cinye maka data, ya kashe Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, saboda yana hana kirak, wato manhajar sata, shiga, ya saka Office da Photoshop da CorelDraw duk na banza, sannan ya kawo antibairos mai lasisin sata ya ɗora a kai, ya ƙara wani, ya ƙara na uku. Ya miƙo maka yana share gumi.

"Alhaji, guda uku na sa maka. Ko aljani ba zai shiga ba."

"Allah ya yi albarka, ɗana. Nawa ne?"

Gaskiya ya faɗa, aljani ba zai shiga ba, domin babu sauran wuri. Ukun nan za su kwana suna kama juna, kwamfuta ta fi da nauyi, ɓarawon kuwa tun a cikin kirak ɗin ya shigo, ta ƙofar da aka buɗe masa da hannu. Manhajojin sata na daga cikin manyan hanyoyin da masu kwashe kalmomin sirri ke bi. Ɗaya daga cikinsu, Lumma, Microsoft ya ce ya gan ta a kwamfutocin Windows fiye da 394,000 cikin wata biyu kacal, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu na 2025. Aikinta ta kwashe duk kalmar sirrin da ka ce wa burauza ta ajiye maka. A kan irin wannan kwamfuta ake cike fom ɗin JAMB, ana shigar da lambar NIN da BVN, ana buɗe imel ɗin ofis.

Jikokin WinFixer ma suna nan da ransu, sun ma fi kakansu ladabi, don yanzu sai sun nemi izini. Shafin kallon ƙwallo ko na sauke fim ya tambaye ka ko ka yarda ya riƙa turo maka sanarwa, ka danna amincewa don ka wuce. Daga ranar, saƙonni na fitowa a kusurwar allo da tambarin McAfee ko Norton, kamfanonin da ba su san da zancen ba, ana cewa lasisinka ya ƙare, an ga bairos biyar. Wani lokaci allon gaba ɗaya ya cika, ƙara na tashi, ga lambar waya an ce ta Microsoft ce. Wanda ya kira zai samu mai taimako da murya mai sanyi, wanda zai roƙi a ba shi damar shiga kwamfutar daga nesa. Rahoton FBI na 2023 ya nuna asarar fiye da dala miliyan 900 ta wannan hanya a ƙorafe-ƙorafen da suka iso gare ta kawai, kuma tsofaffi ne suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Yabon ya isa haka, don abin ba na dariya ba ne ga wanda ya faɗa ciki. Ɓarawon da ya haura katanga laifinsa ɗaya. Wanda aka ɗauka gadi, aka ba shi mabuɗin kowane ɗaki, ya koma sayar da labarin gida, nasa biyu ne, kuma na biyun ya fi muni, domin antibairos na da ikon ganin kowane fayil da kowane shafi fiye da duk wata manhaja a kwamfuta. Ɓarnar kuma ba ta tsaya kan waɗanda aka cuta ba. Ta sa mutane sun daina yarda da gargaɗi na gaskiya, ta kuma shafa wa masu aikin kirki kashin kaji, alhali suna nan, a cikin kamfanoni da kuma cikin masu gyaran da ke kasuwanninmu, waɗanda da yawansu haka aka koya musu, ba mugunta ba ce.

Abin da zan gaya wa mai kwamfuta a gida bai da yawa. Shafin intanet ba ya iya bincika cikin kwamfutarka, saboda haka duk akwatin da ya faɗo daga burauza yana ƙirga maka bairos ƙarya yake. Kada ka danna komai a cikinsa, ko da alamar rufewa ce. Danna Alt da F4 tare, in ya ƙi ka kashe burauzar ta Task Manager, kuma kada ka yarda ta dawo da shafukan da ta rufe. Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙon gargaɗi. Tun daga Windows 8 a 2012 kowace Windows na zuwa da cikakken antibairos a cikinta, wato Defender, wanda tushensa manhajar yaƙi da leƙen asiri ce ta kamfanin GIANT da Microsoft ya saya a Disamban 2004. Ga yawancin gidaje ya wadatar, muddin an bar shi a kunne, an bar sabuntawa na tafiya, an kuma kunna sashensa na toshe manhajojin da ba a gayyata ba. In talla ta riga ta yi sheƙa, AdwCleaner na Malwarebytes kyauta ne kuma yana aiki, amma ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka, kada ka bi tallan da ya fito a saman sakamakon nema. In kana son wani antibairos daban, duba sakamakon gwajin AV-TEST ta Jamus ko AV-Comparatives ta Ostiriya kafin ka saka, kuma guda ɗaya tak.

Sauran aikin na hannu ne. Shiga saitin burauza ka cire duk ƙarin manhajar da ba ka san ta ba, ka soke izinin sanarwa na shafukan da ba ka gane ba. In za ka saka sabuwar manhaja, karanta kowane mataki, ka cire alamar da aka riga aka sa maka a kan kayan rakiya. In kana zargin an riga an shiga, canja kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, ka fara da imel, don ta nan ake karɓe sauran. Wanda ke kan Windows 7 ya sani an daina yi mata gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya cika a 14 ga Oktoban 2025, kuma babu manhajar shara da za ta toshe ramin da mai ginin ya daina toshewa. In kuɗin Office ya gagara, LibreOffice halal ne kuma kyauta, ya fi kirak sau dubu.

In ka kai kwamfuta gyara, ka tsaya a kanta, ka ce wa mai gyara kada ya kashe Defender, kada ya saka abin da ba ka ce ba, ka kuma sa ya nuna maka jerin abin da ya ɗora kafin ka biya. Sannan ka je wajen mahaifinka ko mahaifiyarka, ko duk wani dattijo da ke da kwamfuta a gidanku, ka gaya masa da baki: ranar da allo ya yi ja ya ce a kira wata lamba, kai za a kira.